Botox, fila ko man shafawa? Na gwada, ƙawata ta gwada, ga yadda suka bambanta

Autana ne ya ja min. Ina zaune ina tsince wake raina fes ba abin da ke damuna, sai ya zo ya leƙa fuskata yace "Mama waye ya ɓata miki rai?" Nace ba kowa, yace to ai kin haɗe rai. Na tashi na shiga ɗaki na dubi madubi, wallahi yaron bai yi ƙarya ba, wasu layuka biyu ne a tsaye tsakanin girata kamar an rubuta lamba 11, ko murmushi nake suna nan daram. Shekarata 44 lokacin, kuma sai a ranar na gane dalilin da yasa yaran shagona suke noƙewa in na shigo, ashe fuskar ce take faɗa ni ban sani ba.

Shekara biyu kenan. A tsakani na yi Botox sau uku, aminiyata ta yi fila, wata 'yar baffana ta yi na araha a gida ta ji a jikinta, kuma duk dare ina kan man shafawa. Tunda 'yan uwa suna ta bina a ɓoye da tambaya, don a fili kowa cewa take ita ruwa kawai take sha da kankana, bari in baje komai a faifai. Ni ba likita bace, 'yar kasuwa ce mai shegen tambaya, likitan fatar da nake zuwa gurinta har tsokanata take wai in zo ta ɗauke ni aiki.

Kafin ki tambayi farashin komai, je gaban madubi da hasken rana ba fitila ba, fuska ba hoda ba komai. Ki saki fuskar kamar mai barci ki duba. Sannan ki ɗaga gira sama, ki haɗe rai, ki yi dariya har haƙora su fito. Layin da baya nan sai kin motsa fuska, ko yake ƙara zurfi in kin motsa, wato na goshi da na tsakanin gira da na gefen ido, wannan tsoka ce take naɗe fata, shi ne abincin Botox. Wanda kuwa yake nan ko kin motsa ko baki motsa ba, irin ramin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki, ko kumatu da suka zube, ko ƙasan ido da ya faɗa, wannan ba laifin tsoka bane, kitse da ƙashin fuska ne suka ragu da shekaru fata ta rasa abin jingina, ko kwalba goma ta Botox aka juye miki ba zai cika ramin ba, aikin fila ne. Sai na uku, ƙananan tamoji sirara kamar an yamutsa takarda, da fata ta dushe, da tabo baƙi baƙi, wannan ita fatar ce da kanta ta gaji, rana da bushewa da shafe-shafe, kuma babu allurar da take gyara shi kamar yadda mai na kirki da haƙuri suke yi. Rabin kuɗin da mata suke asara a harkar nan daga nan ne, mace ta je da matsalar rami a yi mata allurar tsoka ta dawo tana cewa Botox ƙarya ne.

Toh shi Botox ɗin menene? Guba ce, ba ɓoye-ɓoye. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum take samar da ita, irin wadda ake samu a abincin gwangwani da ya lalace, kuma tana cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a duniya. Abin da ya sa ta zama magani shine ɗan mitsitsin da ake amfani da shi bayan an tace. Kuma ba don kwalliya aka fara ba. Wani likitan ido ne a San Faransisko, Alan Scott, ya fara yi wa masu karkataccen ido, hukumar magunguna ta Amurka wato FDA ta amince da shi a 1989 don matsalar ido. A Kanada kuma wata likitar ido Jean Carruthers tana yi wa masu ƙiftawar ido ba ƙaƙƙautawa sai aka lura layin tsakanin girarsu yana ɓacewa, mijinta Alastair kuma likitan fata ne, kinga faɗuwa ta zo daidai da zama. Sai a 2002 aka amince da shi don layin tsakanin gira, na gefen ido a 2013, na goshi a 2017. Har masu ciwon kai na ɓari ɗaya mai naci da masu zufar hammata da ta wuce kima ana yi musu, wannan wani zancen ne daban.

Aikinsa ɗaya ne tak, yana tare saƙon da jijiya take aika wa tsoka cewa ta motsa. Tsokar sai ta kwanta ta huta, fatar da ke samanta ta daina naɗewa. Baya cika rami, baya ja fata sama, baya sa haske, baya goge tabo.

Ranar farko da na je na ɗauka wani gagarumin abu ne, har da yin wasiyya a raina. Likitar tace "Hajiya haɗe min rai", na haɗe, ta sa ɗan alƙalami fari ta ɗiga guri biyar, ɗaya a tsakiya saman karan hanci biyu biyu a saman kowace gira. Ta ciro kwalbar daga firij a gabana, 'yar ƙarama ce kuma in kin kalle ta zaki rantse ba komai a ciki, don maganin kamar ɗan hazo ne a gindin kwalbar sai an zuba ruwan gishiri na allura an narkar. Allurar siririya irin ta masu ciwon suga, zafin kamar cizon cinnaka, kafin in gama salati an gama. Yunit 20 aka sa min, yunit shine ma'aunin maganin, 20 ɗin kuma shine adadin da kamfanin ya rubuta na wannan gurin, goshi shima 20, gefen ido biyu 24, wato in duka za a yi 64 kenan, kodayake likita tana ragewa ko ta ƙara gwargwadon ƙarfin tsokar mutum, maza ma sun fi cin yunit. Gurin ya ɗan yi ƙuraje kamar cizon sauro, kafin in kai gida sun baje.

Ga wani abu da ba wanda ya faɗa min sai da na je. Ana cewa kar ki murza gurin, kar ki danne shi, kar ki kwanta na kamar awa huɗu. Ni kuma ƙarfe ɗaya na rana na je, azahar ta kawo jiki, ga goshi ga sujada. Daga ranar na koyi darasi, ƙarfe takwas ko tara na safe nake karɓar lokaci, kafin a kira azahar awa huɗun sun cika, alwala kuma a hankali ba dirza ba.

Kwana biyu ban ga komai ba har na fara cewa kuɗina sun tafi, ranar na huɗu ina son in harari yarinyar aikina sai naji girar ta ƙi haɗuwa, abin dariya abin tsoro. Sai sati biyu yake kankama sosai, shi yasa likitar kirki take cewa ki dawo bayan sati biyu ta duba ko wani gefe ya fi wani. Wata uku zuwa huɗu kuma ya sake ki, jijiyar ta farfaɗo, motsi ya dawo kaɗan kaɗan. Masu cewa in kin fara kika daina fuska zata zube ta fi da muni, ba haka bane, komawa take yadda take, kawai idonki ne ya saba da sumul sai kiga kamar abin ya ƙaru. Amma fa layin da ya riga ya yi zurfi kamar tsaga, irin nawa na gefen dama, bai ɓace gaba ɗaya ba, laushi yayi, sai a zagaye na biyu da na uku ya ƙara dushewa.

Illarsa ta yau da kullum ƙarama ce, ɗan taruwar jini a gurin allura, ciwon kai na kwana ɗaya biyu. Wadda ake tsoro ita ce saukar fatar ido, in maganin ya gangara ya taɓa tsokar da take ɗaga fatar idon, a gwajin da kamfanin yayi kusan mutum 3 cikin 100 ne hakan ta same su. Sai kuma goshi, tsokar goshi ita kaɗai ce take ɗaga gira, in aka cika mata magani gira ta sauko fuska tayi nauyi kamar mai jin barci, ko kuma wutsiyar gira ɗaya ta ɗage sama kamar kina tuhumar kowa. Abin da ya sa hankalina ya fi kwanciya da Botox shine duk waɗannan masu wucewa ne, in an yi kuskure sai haƙuri na wasu makonni. Abin da ya sa kuma yake da ciwo shine babu allurar da take warware shi nan take, akwai maganin ɗigawa a ido da yake ɗan taimaka wa fatar idon ta ɗaga, amma dole ki jira.

Mai ciki da mai shayarwa ba a yi musu. Mai ciwon raunin tsoka irin wanda likitoci ke kira myasthenia gravis kar ta kusanta. In akwai ƙurji ko gyambo a gurin a bari ya warke. Kuma ga wanda ya shafe mu sosai, allurar janta, wato gentamicin, da ake dirka wa mutane a kemis kamar ruwa, ita da danginta suna ƙara wa Botox ƙarfi, in kina kanta ko kin gama kwanan nan ki faɗa. In kina shan asfirin ko maganin tsinka jini shima ki faɗa, amma kar ki daina da kanki.

Yanzu fila. Aminiyata ita nata ba haɗe rai bane, ramewa tayi bayan ta rage ƙiba, kumatu suka zube, layin gefen baki yayi zurfi, kowa ya ganta sai yace sannu ya jiki. Ita ma da bakinta Botox taje nema, likitar tace mata "Yaya ba shi kike buƙata ba." Fila wani abu ne mai kauri kamar jeli ake cusawa ƙarƙashin fata ya cika gurin da ya faɗa. Wanda aka fi amfani da shi na sinadarin hyaluronic acid ne, wanda dama akwai irinsa a jikin mutum, sanannun su Juvederm da Restylane. Sirinji ɗaya mil 1 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kinji ɗan abin da ake biyan maƙudan kuɗi a kai. Ita biyu aka sa mata. Bambancinsa da Botox tun a kan kujera kike ganin aiki, ta tashi ta kalli madubi tace kai, sai dai ta kumbura kwana uku mijinta yana tambaya ko haƙori ne. Yana kaiwa wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, ya danganta da irinsa da inda aka sa, na leɓe ya fi saurin tafiya.

Daɗinsa, in bai miki ba akwai allurar da take narkar da shi, hyaluronidase, cikin kwana ɗaya biyu ya baje. Amma wannan na hyaluronic ne kawai. Su Sculptra da Radiesse ba a narkar da su haka, silikon kuwa in ya shiga ya shiga kenan har kabari, duk wadda tace miki nata na dindindin ne ba sai kin sake ba ki ɗauki jakarki.

Tsoronsa kuma ya fi na Botox nesa ba kusa ba, wannan shine abin da masu talla a Instagram basa faɗa. In allurar ta faɗa cikin jijiyar jini jelin ya toshe ta, fatar gurin tana iya mutuwa ta ruɓe, in kuma ya bi jijiyar da take kai jini ido mutum na iya makancewa cikin mintuna, kuma galibi ganin baya dawowa. Ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, kuma wuraren da suka fi haɗari sune hanci da goshi da tsakanin gira, daidai inda nawa layin yake. Na taɓa roƙon likitata ta ɗan cika min ragowar tsagar da fila tace a'a, garin neman gira kar a rasa ido, kuma ba karin magana take ba. Don haka in fila zaki yi tambaya ta farko ita ce, akwai maganin narkarwa a ɗakin nan yanzu? A nuna miki kwalbar. In bayan an yi kika ga gurin yayi fari fat ko yayi dabbare-dabbare, ko zafi mai tsanani da yake ƙaruwa, ko ganinki ya dushe, ba a jira gari ya waye.

Kenan in aka ɗora su a sikeli, Botox na motsi ne fila na rami, Botox sai kin jira sati biyu fila nan take, Botox wata uku huɗu fila ya kan kai shekara, kuskuren Botox yana wucewa da kansa amma ba a warware shi, kuskuren fila ana warware shi amma mafi muninsa baya gyaruwa. Yawanci Botox saman fuska fila tsakiya da ƙasa, shi yasa wasu suke haɗa biyun.

Sai na ukun da kowa ta raina, wato man shafawa, wanda ni a ganina shi ya fi dacewa da mafi yawanmu. Mu baƙaƙen fata Allah ya mana gata, launin fatarmu yana tare wani kaso na zafin rana, shi yasa tamoji suke jinkirin zuwa mana idan aka kwatanta da Turawa, ki dubi Baturiya 'yar 40 ki dubi yayarki 'yar 50. Abin da yake tsufar da fuskarmu da wuri ba layi bane, rashin daidaiton launi ne, nan baƙi nan ja, da tabon ƙuraje, da kuma abin da muka jawo wa kanmu da hannunmu, bilicin. Mayukan haɗi da ake sayarwa a roba ba suna ba komai, da yawansu akwai sitiroyid irin clobetasol a ciki, wasu da hydroquinone wasu har da makuri, sitiroyid ɗin nan cinye kaurin fata yake ta zama kamar ledar biredi, jijiyoyi kore su fito, ta yamushe tun mace bata kai talatin da biyar ba. Har NAFDAC sai da ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mace tana shafa wannan da dare kuma tana neman Botox da rana, ana zuba ruwa a kwando kenan.

Abu biyu ne aka tabbatar suna aiki a shafawa. Na farko man kariya daga rana, sanskirin, mai lamba 30 ko sama, kullum da safe ko da hadari. Nasan za a ce baƙar fata me zata yi da shi, nima haka nace, amma tabon da yaƙi tafiya a kuncina sai da na fara shi ya soma dushewa. A Ostareliya an bi mutum sama da 900 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamako a 2013, masu shafawa kullum tsufan fatarsu ya gaza na masu shafawa in sun ga dama da kashi 24 cikin 100. Matsalarsa a gurinmu wasu suna barin fari a fuska kamar an shafa toka, sai kin nemi wanda baya yi, kuma alwala tana wanke shi sai an maimaita in za a fita. Na biyu tretinoin, wanda aka fi sani da Retin-A, ko ƙanwarsa mai sauƙi retinol. Shi yana sa fata ta sabunta ta ƙara kauri daga ciki, ƙananan tamoji su ragu tabo ya dushe. Amma fa sai mai haƙuri, wata uku zuwa shida kafin ki ga abin kirki, kuma farkonsa fuska tana bushewa tana saɓa. Ni da zumuɗi na fara kullum kullum a tsakiyar hunturu, sati ɗaya gefen bakina ya tsage yayi baƙi, wata biyu ina jinyar tabon da na je gyarawa, don mu duk abin da ya ƙona mana fata baƙi yake bari. Daidai shine mai ƙaramin ƙarfi, wanda aka rubuta 0.025% a jikinsa, kamar ƙwayar wake ɗaya ga duk fuska, da dare, sau biyu a sati tukuna, a bi da mai mai laushi, man kaɗanya ma yana yi in baya fito miki da ƙuraje. Mai ciki ko mai neman ciki kar ta taɓa shi.

Abin da mai ba zai iya ba shine hana tsoka motsi. Duk man da aka rubuta wa Botox a jiki, ko wanda ake cewa Botox na gashi a salun, suna ne kawai aka ara, babu ɗigon maganin a ciki, ko da akwai ma ba zai ratsa fata ya kai ga tsoka ba. Dilka da halawa da kurkum kuma suna sa fata santsi da sheƙi ba musu, amma lamba 11 ɗina ko gezau.

In kin yanke shawarar allurar tsoka ce, zaki ji sunaye da yawa, don Botox sunan na kamfani ɗaya ne, Allergan, wanda AbbVie ta saya a 2020, kamar yadda muke kiran duk garin wanki Omo. Akwai Dysport, wasu suna ganin ya fi saurin kamawa kuma ya fi bazuwa, amma yunit ɗinsa ba ɗaya bane da na Botox, inda ake sa 20 shi 50 ake sawa, don haka in an ce miki yunit ɗinsa ya fi araha ki yi lissafi tukuna. Akwai Xeomin na Jamus, shi kafin a buɗe baya buƙatar firij matuƙar zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba, wanda a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato wannan sharaɗin ma wasa ne. Akwai na Koriya ta Kudu irin Nabota da Botulax, kuma kar a raina su don asalinsu na gaske ne, dukkansu FDA ta amince da su da wasu sunayen, Jeuveau a 2019 da Letybo a 2024, matsalar ita ce an cika yin jabunsu kuma ana shigo da su ta bayan fage. Akwai Daxxify na 2022 da ake cewa yana kai wata shida. Gaskiya tsakanin na gaskiyar bambancin kaɗan ne, hannun da ya riƙe sirinjin da inda kwalbar ta kwana sun fi sunan da ke jikinta muhimmanci.

Botox na asali a firij yake zama tsakanin digiri 2 da 8. Ki tuna yadda wutar Nepa take, ki tuna kwalbar da ta biyo jakar wata daga Dubai ko Alƙahira ta kwana a filin jirgi ta wuni a but ɗin mota. In an yi sa'a maganin ya mutu ne kawai kuɗinki sun tafi. In jabu ne kuma ba wanda ya san adadin gubar da ke ciki.

'Yar baffana haka tayi. Bikin ƙanwarta ya rage kwana goma, aka haɗa ta da wata mai zuwa gida da 'yar kula a hannu, farashin bai kai rabin nawa ba, su huɗu aka yi wa a falo ɗaya ana shan zoɓo. Ba ta ga kwalbar ba, a sirinji aka zo da shi an riga an zuƙa. Kwana biyar idonta na hagu ya sauko rabi, ta kira matar tace ta sa ƙanƙara, daga baya wayar ma ta daina shiga. Da baƙin gilashi tayi kamu da dina, tana ce wa mutane ciwon ido ne, a hotunan bikin duk ta karkata kai gefe, sai da tayi kusan sati shida kafin idon ya buɗe daidai. Kuma ita ta tsallake rijiya da baya, don a Amurka a 2024 mata a jihohi da dama sun kwanta asibiti saboda jabu da masu yi ba lasisi, a Ingila ma a 2025 gomman mutane suka kamu da cutar gubar. In can da duk tsaronsu haka ta faru, mu sai mu ƙara buɗe ido. Duk wadda aka yi wa ta fara ganin abu biyu biyu, ko haɗiya ta gagara, ko murya ta canza, ko numfashi yayi nauyi, ko da bayan sati ne, asibiti kai tsaye kuma ta faɗa musu gaskiyar abin da aka yi mata, kunya bata da guri a nan. Araha dai bata ado.

Ni abin da nake yi, likita nake nema mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN, in son samu ne likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki, ba mai kwalliyar da tayi kwas na kwana uku ba. A buɗe kwalin a gabana in ga suna da ranar lalacewa, in tambayi yunit nawa za a sa min a rubuta a katina. Wadda tayi fushi don kin tambaya ta riga ta baki amsa. In don biki ne kuma wata guda kafin ranar, Botox ne ko fila.

Kuɗi fa? Tunda kayan da dala ake shigo da su bari in yi da dala kowa ta juya da canjin ranar. A Amurka yunit ɗaya yana kamawa dala 10 zuwa 20, mu ɗauki 15, tsakanin gira kawai dala 300, sau uku a shekara 900, in kuma duka saman fuska ne yunit 64 kin doshi dubu a zama ɗaya. Fila sirinji ɗaya dala 600 zuwa 800 ne a can, kuma da wuya ɗaya ya isa kumatu biyu, sai dai yana jimawa, in aka raba a shekara sai kiga sun kusa kai ɗaya. Tretinoin da sanskirin na shekara guda kuwa basu kai kuɗin zama ɗaya na allura ba. Botox kamar kuɗin haya ne, wata huɗu mai gida ya dawo, in kinsan sai kin ci bashi ko kin taɓa jarinki to ba naki bane yanzu.

Nasan wata tana ta jira in zo kan hukunci. Malamai sun saɓa, wasu suna ganin canza halitta ne wasu suna ganin tunda na ɗan lokaci ne kuma ba yanka bane ya fi kusa da ado, kusan duka kuma sun yarda in don magani ne. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana shi don kwalliya a 2006, ta Indonesiya kuma daga baya ta halatta da sharuɗɗa. Abin da ya kamata ki kai wa malaminki cikin tambayar shine a cikin Botox da Dysport da Xeomin akwai wani sinadari da ake tacewa daga jinin ɗan Adam, albumin, don amsa tana bin yadda aka yi tambaya. Ni na tambaya kafin in fara, kema ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa.

Da ƙanwata ce 'yar 27 tazo tace zata fara don rigakafi kamar yadda 'yan TikTok suke yi, ce mata zan yi ta sayi sanskirin ta ajiye robar haɗin nan ta bar kuɗinta. Da yayata ce mai 55 da fatar wuya da haɓa suka saki, ba zan ruɗe ta ba, Botox ba zai ɗaga ba, fila in aka cika sai fuska ta zama kamar alkubus, wannan sai dai tiyata, mu kuma masu saurin yin tabo mai tudu sai an yi dogon tunani. Mai kumatun da suka faɗa, fila kaɗan a hannun wadda ta san jijiyoyin fuska. Mai irin tawa, layin haɗe rai ko na goshi da yake fitowa da motsi, Botox, kuma ki ce a fara da kaɗan, ana iya ƙarawa bayan sati biyu amma ba a iya cirewa.

Ni yanzu na bar goshi da gefen ido yadda suke, na gwada goshin sau ɗaya naji kamar an ɗora min faifai a ka, ana bani labarin mamaki fuskata ko a jikinta. Tsakanin girar kawai nake yi, sau biyu a shekara, bayan ƙaramar sallah da kuma in hunturu ya kusa. Na ƙarshen ya fara sakina tun satin da ya wuce, jiya autan ya sake leƙo ni yana nazarin fuskata, nace masa ba wanda ya ɓata min rai, jeka ka ɗauko min waya in kira likita.